Jirgin Fa'iza da Ƙeyar Mushe

Tahoua, ƙarshen damina.

Zuwa ga Yayana Attahir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kadidiya da yara, ya tsare ku daga sanyin Tuluz ta Faransa da kuke ta ba mu labarinsa kamar ku kuka gano shi. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Damina ta yi kyau. Gero a Bambeye ya rufe mutum har da hularsa, kuma Baba ya bar cewa bana sai dai addu'a, ya koma cewa ba laifi, wanda ka san a bakinsa guɗa ce. Ƙafar Gwaggo Raƙiya ta yi sauƙi. Bakinta dama bai taɓa ciwo ba. Diyata Fa'iza ta zubar da haƙoran gaba, tana gaishe ka da abin da ya rage.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya. Dalili shi ne na san Gwaggo ta riga ta aiko maka da saƙon murya, kuma na san a cikin nata labarin jirgin ya kai girman kamiyon da ke lodin albasa, ya kuma nufo ta ita kaɗai. Tun da kai ka aiko da ɗan jirgin saman nan na wasa, ina ganin hakkinka ne ka ji abin da ya faru daga bakin wadda ta tsaya a wurin, kuma ba ta ruga ko'ina ba.

Ka tuna a kan kwalin ka rubuta sunan Fa'iza da manyan baƙaƙe. To, ka sani abin da Fa'iza ta samu shi ne kwalin, shi ma bai daɗe a hannunta ba. Ranar da ya iso, ubanta Muktari ya buɗe, ya ga fukafukai na farar kumfa mara nauyi irin wadda ake naɗe sabon firigo na sanyaya ruwa da ita, ga farfela a hanci, ga telekomand mai sanduna biyu na tuƙa shi daga ƙasa, sai ya ce wannan ba a ba yarinya shi kai tsaye, sai babba ya duba. Yana kan dubawa har yanzu. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da kimiyyar fizik a lise, babbar sakandare, wanda gari duka ke kira Mushe, wato malam da Faransanci, wanda furfura ta fara leƙowa daga gemunsa, na same shi kwance rub da ciki a tsakar gida yana ɗaga wutsiyar jirgi yana saukewa, yana murmushi shi kaɗai. Na tsaya ina kallonsa. Na auri mutumin da ba ya shan taba, ba ya zaman fada, ba ya siyasa, kuma na daɗe ina jiran in ga ta inda nasa zai ɓullo.

Tashin farko ya yi shi ne wata Juma'a bayan la'asar, a tudun rairayin nan na bayan gari. Hadari na haɗuwa a gabas, iska na kaɗa rigunan mutane. Na ce masa ko a bari sai ta lafa, ya ce injin yana da ƙarfi, ya ma yi lissafi. Ya jefa shi. Yaya, jirginka ya tashi kam, ya hau sama kyakkyawan hawa, sa'annan ya tsaya cak. Farfela na ihu, hanci na gaba, jirgi ba ya zuwa ko'ina. Daga nan ya soma tafiya da baya, a hankali, cikin natsuwa, kamar mai fita daga gaban manya. Iskar ta fi shi gudu, shi ke nan lissafin. Da Mushe ya karkata shi don ya dawo, sai iskar ta same shi ta ƙarƙashin fiffike, ta yi gaba da shi kamar leda. Mushe ya bi shi da gudu cikin babbar rigar Juma'a, telekomand na lilo a wuyansa, takalmi ɗaya a hannu, yana kiran jirgin yana cewa ya dawo, ya yi haƙuri. A kan wani ɗan itacen aduwa aka same shi.

Da abin ya tsaya nan, da sai mu yi dariyarmu a gida. Amma akwai wata mata mutuniyar Bambeye da ta zo biki unguwar, ta kuma ga gudun tun daga farkonsa. Kafin mu gama cire ƙaya daga fiffike, labari ya isa wurin Gwaggo cewa an ga mijin Balkisa yana bin tsuntsun roba a guje yana yi masa magana. Gwaggo ta kai wa Baba, ta ƙara da cewa karatun boko in ya yi yawa ta kai yake fita.

A nan ne maganar ta daina zama abin dariya, don ta faɗo kan Zalika. Ka san autarmu ta ci jarabawar BEPC ta gama ƙaramar sakandare, kuma ajin kimiyyar da take so a nan Tahoua yake. Tun bara muka yi magana da Baba cewa za ta zo ta zauna wurinmu, na ma share mata ɗaki. Sai ga saƙo daga Bambeye cewa Baba ya sake tunani. Ya ce diya amana ce, kuma ba ya ba da amana a gidan da maigidan ke wasan yara a bainar jama'a. Ta zauna gida ta taimaki Gwaggo, in Allah ya nufa ta yi karatu zai kawo hanya. Zalika ta kira ni ba ta iya magana ba, sai numfashi nake ji. Ka san ba mai kuka ba ce. Ni kuwa na san Baba tun rasuwar Inna bai taɓa kwana gida babu muryar yarinyar nan ba, kuma na yi zargin jirginka ya zo masa daidai lokacin da yake neman hujja. Amma ba a faɗa wa Baba irin wannan, kai ma ba ka taɓa faɗa ba, ka gwammace ka tafi Faransa.

Mushe ya ji abin ƙwarai. Ya ce shi ya ɓata, shi zai gyara. Na yi zaton zai ajiye jirgin ya tafi ya ba da haƙuri, kamar yadda mai hankali zai yi. A'a. Ya ce zai tafi Bambeye ya tayar da jirgin a gaban Baba, ya nuna masa cewa wannan ilimi ne, ba wasa ba. Na tambaye shi ko ya tuna yadda ilimin ya ƙare a kan aduwa, ya ce shi ya sa zai koya.

Kuma in faɗi gaskiya, ya koya. Sauran hutun nan duka, ana sallame sallar asuba muna kan tudu, don a lokacin ne iska ba ta farka ba. Ya gano cewa sabon hannu ba shi da babban abokin gaba kamar iska, don jirgin bai kai nauyin ɗan tsako ba, abin da kai za ka ji ɗan sanyi a kunne shi guguwa ce a wurinsa. Ya gano ana jefa shi ne cikin iska, fuska da fuska, don fiffike yana son iska ta bi ta kansa, in ta zo daga gaba ta ba shi rabin aikin kyauta, in ta zo daga baya sai ya ruga da sauri ya dunguri ƙasa. Saukarwa ma haka, hanci cikin iska. Ya gano ba a barinsa ya yi nisa ta inda iska ta nufa, don dawowa hawan tudu ce. Ya gano bayan itace da bayan katanga iska na murɗawa kamar ruwan ƙorama a bayan dutse. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne idan jirgin ya juyo yana fuskantarsa, damarsa ta koma hagu, sai ya tura shi daidai inda yake gudun ya je. Ni kuwa aikina shi ne in tsaya gefe in saki bakin mayafina. In ya ɗan motsa kawai, a tashi. In ya miƙe yana kaɗawa, a koma gida a sha kunu. Shekarun da na yi a jami'ar Yamai ina karanta yanayin ƙasa sun kai ni matsayin tuta, kuma ban taɓa yin aikin da ake saurarena kamarsa ba.

Da hannunsa ya faɗa, ya aika wa Baba cewa yana roƙon a ba shi dama ranar Asabar, a fakon nan na bayan gonarmu inda ko ciyawa ba ta fita. Ya nanata cewa da sassafe ne, ana fitowa masallaci. Baba ya ce Allah ya kai mu. Muka kwana Bambeye don kada a makara.

Kai ka san me ake nufi da sassafe a gidanmu. An fito masallaci, aka gaisa. Aka shigo gida, aka sake gaisawa, don ta masallaci ba ta shiga lissafi. Sai Baba ya ce ba za a fara ba sai amininsa Souleyman, mutumin Takanamat, ya iso, don ya sauka a garin kuma ba daidai ba ne a yi kallo babu shi. Souleyman ya iso cikin rawaninsa, ido kawai ake gani, ɗauke da butar shayi da ɗan murhunsa. Aka tambayi raƙuma, aka tambayi ruwan arewa, aka tambayi waɗanda suka mutu da waɗanda ya kamata a ce sun mutu amma suna nan. Gwaggo ta ce ba wanda zai fita da cikin wofi a gidan da take, ta sa aka ɗauki babbar ƙwaryar fura a bi mu da ita. Aka kai tabarmi fako, aka shimfiɗa a inuwar bedin nan, dogon yaro, na gefen gabas, manya suka zauna suna duban yamma, rana a bayansu. Souleyman ya hura gawayi. Ka san shayinsa ba a sha ɗaya a tashi, sai an kai na uku, kuma tsakanin kowane biyu akwai labari. Mushe na durƙushe a bakin tabarma, ba takalmi, yana amsa gaisuwa da baki, idonsa na kan mayafina. Lokacin kofin farko bakin mayafin na rataye. Lokacin na biyu ya soma rawa. Kafin a kai na uku sai da na riƙe shi da hannu. Na dube shi na girgiza kai. Ya dubi Zalika, tana can bayan mata riƙe da kwalin jirgi kamar an ba ta jariri, ya miƙe.

Ya fara da darasi, don malami ne, ba ya iya shan ruwa bai yi bayani ba. Ya tsaya gaban tabarma yana fuskantar Baba, ya ɗaga jirgin, ya nuna fiffike da wutsiya da farfela. Ya yi magana mai kyau, har na ga wasu dattawa na gyaɗa kai. Ya ce doka ta fari, wadda ba a karya ta ko a manyan jiragen da ke kai alhazai, ita ce a fuskanci iska. Ya faɗa, ya maimaita, ya sa suka maimaita kamar ƴan aji. Don ya nuna musu yadda ake gane ta, ya tsinki busasshiyar ciyawa a gefen fako ya watsa sama. Ciyawar ta tashi daga hannunsa ta wuce kai tsaye ta sauka kan tabarma, wani sili ma a kan gwiwar Baba.

Na ga lokacin da abin ya iso masa. Iskar daga yamma take, daga bayansa, tana busa fuskar manya. Fuskantar iska na nufin ya juya ya ba Baba ƙeya. Ba ƙeya kaɗai ba, don jifan yana son ɗan gudu, wato ya juya wa surukinsa baya a gaban jama'a ya kuma ruga kamar wanda ya ɗauki abin mutane. Wannan mutumin tun da ya aure ni bai taɓa fita zauren Baba da gaba ba, da baya yake ja har ya kai ƙofa, ya sha buga kai a dogarin ƙofar nan. Bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Sunan Baba ko a kan wani mutum yake, ba ya kiransa, akwai ɗalibinsa da ya shekara yana amsa sunan Mai Sunan Alhaji. Ya tsaya da jirgi a sama, fuskarsa na zufa, ya ɗan juya, ya dawo, ya sake juyawa, ya dawo. Na yi masa alama da ido cewa ya juya kawai, Baba ba zai mutu ba. Bai ko dube ni ba.

Abin da ya yi shi ne sulhu. Ya juya rabi, ya fuskanci kudu, ya ba iska kafaɗar dama, ya ba Baba kafaɗar hagu, don kada kowa ya ce an raina shi. Ya yi ɗan gudunsa a karkace kamar ƙaguwa, ya jefa.

Iska ba ta san sulhu ba. Jirgin bai gama barin hannunsa ba ta shiga ƙarƙashin fiffiken dama ta ɗaga shi, ya kwanta a gefe, ya yi kwana ya nufi bedi. Mushe ya murɗa sanda, ya samu ya ɗaga shi sama da kan mutane, ya zagayo ta bayan itacen, inda shi da bakinsa ya ce iska na murɗawa. Ta murɗa kuwa. Jirgin ya fito daga bayan bedi yana tangaɗi, yana fuskantar mai shi, dama ta koma hagu, Mushe ya tura shi daidai inda yake gudu. Dattawan da suka zo da sanda suna ɗingishi na ga sun tashi babu sanda. Gwaggo, mai ciwon ƙafa, ita ta fara isa cikin gero. Souleyman bai motsa ba, hannu ɗaya ya kare butarsa, ɗaya ya dafe rawani a kan hanci. Jirgin ya goge reshe, ya kife, ya sauko da ka cikin ƙwaryar fura da ke gaban Baba. Wutsiya a sama, hanci a ciki, kuma da yake yatsan Mushe ya ƙame a kan sandar wuta, farfela ta ci gaba da juyawa. Ban taɓa ganin an dama fura da kyau haka ba. Ta samu kowa, amma mafi yawa Baba ta samu, daga hula har gemu.

Mushe ya kashe injin, ya zo ya durƙusa a bakin tabarma, kansa a ƙasa. Na dubi Zalika, ta ajiye kwalin a ƙasa a hankali, kuma wannan ajiyewar ta fi mini komai ciwo a ranar. Baba ya cire hula, ya kakkaɓe, ya share gemu da bakin riga, bai yi sauri ba. Sa'annan ya ce, “Malam Muktari, ba kai ka ce a fuskanci iska ba?” Mushe ya ce shi ya faɗa. Baba ya tambaye shi to mi ya hana. Mushe ya yi shiru, don faɗin dalilin ma wata rashin kunyar ce. Baba ya sake tambaya, Mushe na ta zane a ƙasa da yatsa. Souleyman ne, yana zuba shayinsa daga sama kamar ba abin da ya faru, ya ce daga cikin rawani, “Kai ka hana, Alhaji. Ka zauna inda bayansa zai duba.”

Baba ya dubi yamma, ya dubi tabarma, ya dubi Mushe, ya daɗe. Bai yi dariya ba, amma na ga gemun ya motsa. Ya tambaya ko abin ya mutu ke nan. Mushe ya ce farfela ta karye amma akwai wata a kwali, fiffike kuma in an liƙe shi da sikoc zai riƙe. Baba ya ce to a gyara a sake yanzu. Nan ne, Yaya, na ga abin da ban taɓa gani ba. Mushe, kansa na ƙasa, ya ce wa Baba a'a. Ya ce iskar ta riga ta fi ƙarfin jirgin da mai jirgin, in aka sake yanzu ƙwarya ta gaba za a nema, sai dai gobe, kuma gobe kafin shayi. Souleyman ya ɗago ido jin an ambaci shayinsa. Baba ya ce Allah ya kai mu, ya tashi ya tafi wanka. Kan Zalika ko kalma. Wunin nan ta yi shi tana wanke fiffike da tsumma, tana cire gero daga cikin injin da tsinke. Gwaggo kuwa ta wuni tana nuna wa maƙwabta inda jirgin ya so ya sare ta.

Washegari daga masallaci Baba bai shiga gida ba, fako ya nufa, jama'a na biye. Ba tabarma, ba fura. Bakin mayafina na ɗan motsi kaɗan, daga yamma. Baba ya tsinki ciyawa da kansa ya watsa, ya ga inda ta nufa, ya je ya tsaya a gefen Mushe, kafaɗa da kafaɗa, fuskarsa yamma. Ya waiwaya ya ce wa sauran su daidaita sahu. Dattawan Bambeye suka jeru a layi ɗaya kamar za a ta da salla, sai dai alƙiblar ta juya, mu mata muna daga gefe. A sahu ba wanda ya ba wani baya. Da Mushe ya ce jifan na son ɗan gudu, Baba ya ce to a yi tare, kuma na rantse maka sahun nan duka ya yi taku gaba da shi, riguna na kaɗawa, har Souleyman.

Ya tashi. Ya hau a miƙe, shiru, fari a cikin hasken safiya, da tabon fura a fiffike ɗaya. Ya yi gaba kan gonaki, ya karkata a hankali, ya zagayo. Da ya nufi bayanmu Mushe ya soma ƙamewa, don bin sa da ido na nufin juyawa, sai Baba ya ce a juya, sahu duka ya juya kamar sojoji. Haka aka yi ta yi, jirgi na zagaye, dattawa na juyawa, bakuna a buɗe. Na saci kallon Baba. Hularsa ta zame baya, bai gyara ba. Rabon da in ga fuskarsa haka tun Inna na da rai. Mushe ya kawo jirgin ta gabas, hanci cikin iska, ya rage wuta, ya sauke shi a kan fako da ɗan ja da ciki kamar agwagwa. Ba wanda ya yi tafi. Wani tsoho ya ce ikon Allah, Souleyman ya ce yanzu a iya shan shayi.

Har muka ɗaure kaya da hantsi Baba bai ta da maganar Zalika ba. Na shiga yi masa sallama, ya yi mini addu'a, ya tambayi Fa'iza, shi ke nan. Muka fito ƙofar gida, Zalika ta kawo kwalin jirgin za ta sa a bayan mota, idonta a ƙasa. Baba ya miƙa hannu ya karɓi kwalin daga hannunta. Ya ce wa Mushe, ba tare da ya dube shi ba, wannan abu bai kamata a riƙa wahalar da shi a hanya ba, kuma iskar birni ba ta da tarbiyya, an ga abin da ta yi masa a kan aduwa. A nan zai zauna, a ɗakinsa. Duk Lahadi da sassafe Malam Muktari ya zo ya tayar da shi, don kada injin ya yi tsatsa. Sa'annan ya nuna Zalika da haɓa ya ce, “Wurin da kwalin zai zauna a mota, ku sa wannan. In za ka zo ran Lahadi ka taho da ita, ita ta iya wanke shi.”

Ashe Gwaggo ta riga ta ɗaure mata kaya tun da asuba, bisa umarninsa, tana yi tana mita. Zalika ta durƙusa gaban Baba, ya ce ta tashi kada ta ɓata masa lokaci, ya juya ya shige zaure da kwalin a hammata, da sauri fiye da yadda ya saba.

Yanzu dai Zalika na nan wurinmu, an yi mata rajista, ta jera littattafanta tun kafin a koma lakwal. Gwaggo na gaya wa mutane cewa Baba ya ba da ita ne don ya ga surukin da ya gwammace ya karya jirginsa da ya ba shi ƙeya. Souleyman ya ce don ya ga surukin da ya iya ce masa a'a ne. Mushe ya yarda ilimi ne ya yi nasara, ban kuma ga amfanin in tashe shi ba. Ni abin da na gani shi ne Baba ya ba da diya ya riƙe jingina, kuma ya zaɓi jinginar da ya tabbata za a zo dubawa kowane mako. Jirgin na rataye a ɗakinsa, sama da gadon Inna. An ce da safe yakan fito ƙofar gida ya watsa ciyawa sama, ko ranar ba Lahadi ba ce.

Abin da nake roƙonka shi ne farfela, don ta ƙarshe ce a kai, da batir guda. Baba ya ce in gaya maka shi ba ruwansa da wasan yara, amma in za ka aiko, ka aiko da yawa. Idan kuma ka tashi yi wa Fa'iza wata tsarabar, don Allah ka sayo abin da ba ya tashi, ba ya gudu, ba ya kuma bukatar babba ya duba.

Ka gaishe mini da Kadidiya da kyau, ka ce atamfar ta iso kuma na gode. Ka shafa mini kan Faisal da Ummul Kulsum, Allah ya yi musu albarka, ya sa su riƙe Hausarsu. Baba na sa maka albarka. Gwaggo Raƙiya na gaishe ka, ta ce ƙwaryarta ta tsage kuma ta san wanda ya aiko da jirgin. Zalika za ta rubuto nata. Mushe na gaishe ka da girmamawa, yana tsakar gida yana duban ganyen bedi, gobe Lahadi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Balkisa